Daminar da Jini Ya Ƙi Tsayawa

Yau kwana huɗu ke nan ana ruwa a garinmu. Ba irin mai zuwa da iska ya zuba ya wuce ba, irin mai zama ne. Ya sassauta da hantsi har kaji su fito, kafin azahar hadari ya sake haɗowa daga bayan dutsi. Katangar bayan ɗakina ta sha har ta fara zubar da ƙasa. Kori biyun da suka sa mu a tsakiya, rafukan yashin nan da awaki ke kwanciya cikinsu da rani, duk sun cika sun batse. Daga inda nake zaune ina jin rurin na gabas.

Maigidana Shaibu yana kwance da rediyo a kunne, yana mita don ƙwayoyinsa na tansiyo, wato hawan jini, sun kusa ƙarewa, ga shi ba hanyar Madawa. A cikinsu akwai wata 'yar ƙarama da lokotoro ya ce ta tsinka jini ce. Ran da ya rubuta masa ita sai ya juyo gare ni ya ce, "Inna, ban da haɗa ta da jiƙe-jiƙen gida." Na ce masa, "Ɗana, wanga karatu na riga ka yin shi." Ya yi dariya, ya ɗauka barkwancin tsofaffi ne.

Shekara talatin da wani abu ke nan da na yi karatun, a irin wannan ruwa, a cikin wannan gida.

Damina ce da ta biyo bayan fari. Abin da muka girba a waccan kakar bai kai mu ko tsakiyar rani ba. Kafin ruwan shuka ya sauka, rumbunmu in ka leƙa ka yi magana sai muryarka ta dawo maka. Samari da yawa sun tafi biɗa, wato ci-rani, ba su dawo noma ba, cikinsu har da ƙanen Shaibu. Gidan ya rage mu uku: ni, da Shaibu, da mahaifinsa Baba Nomau. Ina da cikin wata shida, shi ne na farko da ya zauna bayan biyu sun zube.

Da asuba in tashi in sauya wa anza ruwa. Wanda bai ci anza ba bai san yunwa ba tukuna. 'Ya'yan itace ne masu ɗacin tsiya, sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin su ciwu, kuma ko sun ciwu ba sa barin harshenka ya manta. Daga nan in ɗauki ƙwarya in bi bayan gari tsinkar tafasa da yaɗiya, in tarar mata sun riga ni, kowa ta sunkuya ba mai yi wa wata hira. Ɗan hatsin da ya rage a tukunya dintsi guda nake ɗiba in dama hura, irin wadda in ka leƙa ƙwarya kana ganin fuskarka. Shaibu ya kurɓa sau biyu ya turo mini sauran.

"Sha," in ji shi. "Ku biyu na."

Ruwan da ya ƙi mu bara kuwa ya zo a wannan shekara kamar mai neman gafara. Hatsi ya tashi baƙi ƙirin, ciyawa ta tashi tare da shi. Gona biyu gare mu, ɗaya a jigawa, ɗaya a fadama, hauya kuma ɗaya ce mai aiki. Shaibu ya gama noman farko da ƙyar. Da aka shiga maimai sai jikinsa ya fara ƙi. Ya fita tun raɓa ba ta bushe ba, ya dawo da la'asar a duƙe kamar har yanzu hauyar na hannunsa. Ƙafafunsa suka kumbura, jijiyoyin ƙwaurinsa suka fito raɗa-raɗa.

Baba Nomau yana cikin mutanen da iyayensu ba su yi salla ba. Shi kansa sai da ya yi gemu ya shiga musulunci. Ya bar abin da ya bari, amma sanin itatuwa bai bar shi ba, daga Tabotaki har ƙasar Keita ana zuwa wurinsa. A lokacin yanar ido ta rufe masa gani, ba ya ganin komai sai inuwa-inuwa, saboda haka ni ce hannunsa. Shi ya faɗa, ni in haƙo, in daka, in dafa.

Akwai wata 'yar itaciya da ke fitowa a kan dutsi, tsakanin baƙaƙen duwatsu, inda ko akuya ba ta kula ta. Ban taɓa jin sunanta a bakin wani ba, a gidanmu dai 'yar fako ake ce mata. Saiwarta ja ce a ciki. Baba yana ba da ita don nauyin ƙafa da jinin da ya kwanta bayan faɗuwa. Ran da ya fara nuna mini ita, sai da ya riƙe yatsana ya auna mini gaɓa ɗaya.

"Iyakarta ke nan, ɗiyata. Ludayi guda da sahe, kwana ukku, a bar ta kwana goma. Ba a ba mai ciki, ba a ba mai jego, ba a ba yaron da za a yi ma kaciya. Jini take sa ma gudu. Abin da ke gudu kuwa, sai ka san inda za ka tsai da shi kahin ka sake shi."

Shi da kansa ya ce in dafa wa Shaibu. Kwana uku ya sha, kumburin ya saɓe, ya fita gona yana 'yar waƙa. Da aka daina, ba a yi kwana biyu ba ciwon ya dawo. Ya same ni a madafi da yamma, ya tsuguna kusa da murhu, ya yi ƙasa da murya.

"Dahwa mini wani."

"Baba ya ce kwana goma."

"Ciyawa ta san kwana goma? Tahi hwadama ki gani. In hatsin ga ya lalace, mi za ki ci ran da kinka haihu?"

Na je na gani. Ciyawa ta kai gwiwa, hatsin ya fara yin ja a ƙarƙashinta. Na dawo na ɗora tukunya.

Ina dafawa ne in Baba ya fita masallaci, in sa tukunyar tafasa kusa don warinta ya rufe. Gaɓa ɗaya ta koma biyu, ludayin safe ya samu na yamma. Shaibu yana noma kamar mutum biyu, ni kuwa ina jin daɗi a raina, ina cewa ni ce na ceci gonar. Na ga asuwakinsa yana yin ja, na ce yunwa ce ta ɓata masa dasashi. Na ga tabo baƙi-baƙi a damtsensa inda bai bugu da komai ba. Ran nan ya dawo da haɓo ya ɓata masa gaban riga, muka ce rana ce. Haka muka yi kwana ashirin da wani abu.

Sai ruwan nan mai zama ya sauka, ran wata Talata. Ba mai zuwa gona. A garinmu in aka samu irin wannan rana, maza kan huta su gyara jiki, Garba wanzam ya rataya zabirarsa ya bi gida-gida. Garba mutum ne mai kimanin shekara hamsin a lokacin, siriri, ba ya son yawan magana. Shi ya yi wa Shaibu askin suna, shi ya yi masa kaciya. Da ya yi sallama a zaurenmu, Shaibu ya ce ya shigo ya yi masa ƙaho, ko bayansa ya saki.

Ina bakin madafi ina kallonsu ta ƙofar zaure. Shaibu ya tuɓe riga ya zauna a kan turmi. Garba ya jera ƙahoni shida a bayansa, ya zuƙe, ya jira fata ta taso, ya cire, ya zaro aska. A nan ne maganar Baba ta faɗo mini: ba a ba yaron da za a yi wa kaciya. Na miƙe tsaye. Na buɗe baki. Baba yana zaune a kan buzunsa, taku uku daga gare su, yana jan tasbaha. In na yi magana, a gabansa zan yi ta. Na ce a raina ai 'yar tsaga ce, ba ta kai ta ƙaya ba. Na koma na zauna.

Jinin ƙaho kowa ya san shi. In wanzam ya cire ƙahon, jinin kan fito a dunƙule kamar hanta, ya kife shi a yashi. Da Garba ya cire na farko, sai abin ya zubo tsararo kamar ruwan zoɓo, ya bi bayan Shaibu har wando. Garba ya dubi cikin ƙahon, ya dubi bayan. Ya cire sauran, duk haka. Ya goge da tsumma. Kafin ya ɗauke hannu, tsagogin sun sake cika. Ba tsartuwa jinin yake yi ba, naso yake kamar sabon tulu, a hankali, ba ya fasawa.

"Ikon Allah," in ji Garba. "Shekara talatin ina wanga aiki."

Ya sa toka. Ya sa garin bagaruwa. Aka ƙona auduga aka danna. Wata maƙwabciya ta kawo saƙar gizo-gizo daga rufin ɗakinta. Kowanne ya jiƙe ya zame. Aka yi azahar, aka yi la'asar, Shaibu yana kife a kan tabarma yana cewa a daina damuwa, ba ya jin zafi.

Maza huɗu suka tafi duba hanya. Korin gabas, wanda ake ƙetarewa a je Deule a kama hanyar Buza inda asibiti yake, ya cika har baki, ja wur, yana tafe da itatuwa da saiwoyinsu. Sun ce sun ga saniya ta wuce ƙafafu a sama. Na yamma ma haka. Bayanmu dutsi ne, mai lafiya ma da rarrafe yake hawansa in ya jiƙe, balle a ɗauki mutum. Yau akwai siminti da aka shimfiɗa a mashigin, akwai salula a aljihun kowa, akwai 'yar likita, wato ƙaramin asibiti, a garin da ke kusa da mu. Duk da haka in kori ya cika sai a jira shi. A wancan lokaci kuwa ko labarinmu ba mai iya kaiwa ƙetare.

Washegari tabarmar ta jiƙe, aka sauya wata. Leɓen Shaibu ya yi fari, tafin hannunsa kamar an shafa gari. Ruwa kawai yake nema. Gidan ya cika da mutane, ana tsaye a ƙarƙashin rumfa ruwa na ɗiga a kafaɗu, kuma maganar da nake tsoro ta fara yawo, sai dai ba kaina ta faɗa ba. Wani ya ce Garba ya yanke jijiya. Wani ya ce askar ce aka yi wa wani abu. Wata tsohuwa ta tuno rigimar iyakar gona da aka taɓa yi tsakanin uban Garba da uban Baba, tun ba a haife ni ba. Garba yana tsugune a ƙofar zaure, bai je gida ba tun jiya, ruwan indararo yana zuba kusa da ƙafarsa. Yana jin kome.

Da hantsi Baba ya ce a kai shi wurin ɗansa. Ya lalubi bayan, ya shafo jinin, ya murza tsakanin yatsu biyu, ya kai hanci. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce kowa ya fita, ban da ni.

Bai tambaye ni ko na yi ba.

"Kwana nawa?"

Na durƙusa. "Ashirin da biyu, Baba. Sahe da marece."

"Gaɓa nawa?"

"Biyu."

Shaibu ya ɗago kai daga tabarma. "Ni na tilasta ta, Baba."

"Kai yi shiru, ka riƙe sauran ƙarhinka." Ya juyo da fararen idanunsa wajena. Na so ya zage ni, ko ya ɗaga sanda. Bai yi ba. Na ce ya faɗa mini makarinta, ko a ina take zan haƙo.

"Ba ta da makari, ɗiyata. Ubana bai bar mini ba, don shi ma ba a bar mai ba. Sai ta hita da kanta. Abin da ya rage muna hannu na, da kwanaki." Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma ki kama bakinki. Macen da ta dahwa ma mijinta saiwa a ɓoye, kin san sunan da za a ba ta garin ga. Ni ma ba a manta inda na hito ba."

Ya sa aka yayyaga zanena na aure, aka ninka shi gida shida. Kowace tsaga aka ɗora mata tsumma, aka ɗora tafin hannu, a danna da ƙarfi, kuma kada wanda ya ɗaga don ya duba. Wuri shida, mutum uku ke nan a lokaci guda. Haka garin ya shiga layi kamar ranar gayya. Mutanen da ba su ci abin kirki ba wata da watanni, ga su durƙushe a kan mutum, damatsansu na rawa, in wani ya gaji wani ya zura hannu ƙarƙashin nasa kafin ya zare. Limamin gari ya yi nasa. Dije, matar wani bafillace da ke zaune a gefen gari, ta ratso ruwa da ƙwaryar madarar saniya ɗayar da fari ya bar musu, ana ɗura wa Shaibu da ludayi. Ni ma na danna, cikina yana tokare da haƙarƙarinsa, ina jin ɗumin jinin yana ratsa tsumma yana zuwa tafina, ɗan cikin kuma yana motsi.

Da la'asar Garba ya taso ya wanke hannu, ya matso ya karɓi wani. Wani ƙanen uwar Shaibu ya tare shi da kafaɗa.

"Hannunka ya isa haka nan."

Garba ya tsaya da hannuwansa a jiƙe. Ya duba ɗakin, idonsa ya bi ta kaina ya wuce, don ba shi da dalilin tsayawa a kaina. Ya koma ƙofar zaure ya tsuguna. Ni kuwa na sunkuyar da kai na ci gaba da dannawa. Ruwa ya tsare mu ta gabas da yamma, amma abin da ya tsare ni a ranar ya fi kori ƙarfi.

Rana ta uku huɗu daga cikin tsagogin suka kama. Biyu na ƙasa, wajen ƙugu, suka ci gaba da naso. Shaibu ya daina magana, in an kira shi sai ya motsa yatsa. Kowane hantsi maza su je bakin kori su kafa kara a gefen ruwa, su ga ya fara ja baya, sai hadari ya sake haɗowa, ruwan dutsi ya sauko ya shafe karan. Sai ranar Juma'a gari ya waye tas. Kafin hantsi ruwan ya sauka zuwa ƙirji.

Aka ciro ƙyauren ɗakinmu aka kwantar da Shaibu a kai, aka ɗaure shi da rawani. Mutum takwas suka ɗauka a ka. Matsalar kori ba zurfi ba ce kawai, yashin ƙasa ne, inda ka taka jiya yau rami ne. Ana tsaye ana shawarar wanda zai shiga gaba, sai ga Garba ya tuɓe riga, ya ɗauki gora, ya faɗa ruwan ba tare da ya ce wa kowa kome ba. Yana soka gorar yana matsawa, suna bin sawunsa. Sau ɗaya ya nutse har wuya, ya taso, ya nuna musu su kauce hagu. Ina tsaye a gaɓa har suka hau tudu. A can suka sami amalanken jaki zuwa Deule, daga nan wata mota ta kai shi Buza.

Ni sai washegari na bi su, da ruwan ya koma gwiwa. Na tarar an rataya masa ƙarin ruwa, idonsa a buɗe. Majo, wato babban ma'aikacin likitar, wani mutumin gabas ne mai furfura a gemu. Ina zaune ya zo ya soki fatar kunnen Shaibu da ɗan tsinke, ya dubi agogonsa, yana taɓa ɗigon jinin da 'yar takarda lokaci-lokaci. Takardar ta cika da ɗige-ɗige, jinin bai tsaya ba.

"Na mai lafiya da tuni ya tsaya," in ji shi. "Malam, na tambaye ka jiya, na sake tambayarka. Me kake sha?"

"Ba kome," in ji Shaibu.

Na kwance bakin zanena na fito da guntun saiwar na ajiye a kan tebur. Na faɗa masa kwanakin da yawan abin. Bai yi mini faɗa ba. Ya jujjuya saiwar, ya sansana, ya jawo kujera ya zauna.

"Kin taɓa fasa shurin gara?" Na ce na taɓa. "In kin dawo da yamma me kike gani?" Na ce sun liƙe wurin. "To, a cikin jinin kowa akwai wasu 'yan ƙanana, ido ba ya ganinsu, mu muna ce musu plaket. Aikinsu ke nan. In fata ta tsage sai su ruga wurin, su manne da juna, su toshe. Akwai magunguna, na bature da na daji, da ba sa kashe su, amma suna hana su kama juna. Suna nan a jinin mijinki, sun zo bakin tsagar, sun kasa riƙe hannu. Waɗanda maganin ya taɓa sun taɓu ke nan. Sai jiki ya haifi sababbi, wajen kwana goma."

Na tambaye shi ko askar wanzam na da laifi.

"Ko ƙaya ce ta soke shi, haka za a yi. Ku gode wa Allah a baya abin ya fito, inda hannu ke kaiwa. Da a cikin ciki ne ko a ka, ba mai dannawa." Ya ce wanda ya ce a danna kada a ɗaga, shi ya tsai da ran. Ya riƙe saiwar, wai zai aika da ita a duba. Ban san inda ta ƙare ba.

Mun yi kwana goma sha biyu a Buza. Da muka dawo muka tarar an yi wa gonakinmu gayya, hatsi ya fitar da kai. Ba a jima ba aka fara gasa tumu, yara suka fara dariya a titi, gari ya dawo da ransa. Shaibu yana takawa da sanda, yana shan jajayen ƙwayoyin ƙarin jini.

Garba ne al'amarinsa bai dawo daidai ba. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya zage shi, kiransa kawai aka daina. Maza suka bar sumarsu ta yi yawa, ko su jira ranar kasuwa su yi aski a wani gari. Aka yi suna biyu, daga wajen Tabotaki aka ɗauko wanzam. Ina wucewa zuwa rijiya in gan shi a ƙofar gidansa, zabirar na rataye a bango ta yi ƙura. Ya gaishe ni, ya tambayi mai jiki. Gaisuwar nan ita ta fi ci mini rai.

Na ce wa Shaibu zan faɗa. Ya ce in bari in haihu tukuna. Na ce wa Baba, ya ce magana in ta fita ba ta komawa. Na yi mako biyu ina juya abin. Ran nan bayan la'asar, lokacin da maza ke zama a ƙofar maigari, na yafa zane na tafi. Mace ba ta zuwa wurin sai an kira ta. Na durƙusa daga nesa da cikina wata takwas, hira ta mutu.

"Lahiya, ɗiyar nan?" in ji maigari.

"Ranka shi daɗe, magana na zo da ita bisa Garba wanzam. Ba askatai ba ta. Ni na ba maigidana magani ya wuce ƙa'ida, a ɓoye, kwana ashirin da biyu. Ina gani anka ɗora mai ƙaho, na sani, ban hana ba. Majon Buza ya ce ko ƙaya ta soke shi haka za a yi."

Ina jin idanu a kaina kamar rana. Sai na ji ƙarar sanda a bayana. Baba ne, ya biyo bango da lalube tun daga gida. Ya tsaya daidai kafaɗata.

"Maganin nawa na," in ji shi. "Ni na koya mata. Kuma ni na ce ta yi shiru. A rubuta da ni."

Garba yana can ƙarshen tabarma. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sannan ya tashi, ya sa takalmansa, ya tafi gida.

Abin da Baba ya ji tsoro ya faru, ko da yake bai kai yadda ya zata ba. An yi shekaru wasu mata ba sa shan hura daga hannuna. A rijiya in na iso sai a sauya magana. Maza suka koma wa Garba ɗaya bayan ɗaya, kowa yana yi kamar dama bai taɓa barinsa ba. Shi kuwa ya daina gaishe ni. In mun haɗu a hanya sai ya dubi gefe. Ban ga laifinsa ba. Sama da wata guda ya yi a zaune saboda shirun da na yi.

Na haihu bayan an gama ɗaurin hatsi, mace. Ana jibi suna Shaibu ya tafi da kansa gidan Garba ya gaya masa. Ya dawo ya ce mini Garba bai amsa ba, bai kuma ƙi ba.

Ranar suna aka raɗa wa yarinya Hadiza, aka yanka ɗan akuya, rana ta ɗaga, ba wanzam. Ƙanwar uwata ta fara cewa a aika wani gari. Sai muka ji sallama a zaure. Ya shigo da zabirarsa an goge ta da mai, ya zauna a kan tabarma a tsakar gida, ya fito da aska yana wasa ta a kan fata. Ya daɗe yana wasawa, fiye da yadda aska ke bukata. Al'ada ita ce wata tsohuwa ta kai masa jaririya. Na ce a bar ni. Na fito da ita da kaina, na durƙusa, na miƙa.

Bai karɓa ba tukuna. Karon farko ke nan da ya yi mini magana tun ƙofar maigari.

"Kin sha wani abu da cikin ga?"

"Ban sha ba."

"Ko ludayi guda?"

"Ko ɗigo, Baba Garba."

Ya karɓe ta. Ya jiƙa mata kai, ya ɗora aska. Yana bin kan a hankali kamar mai koyo, shi da ya aske rabin garin nan. Ya yi gefe ɗaya lafiya. Da ya zo bayan kunne sai yarinyar ta motsa, askar ta ɗan taɓa ta, ɗigon jini ya fito kamar ƙwayar hatsi. Masu daka a tsakar gida suka tsai da taɓare. Garba ya ɗora babban yatsansa a wurin. Leɓensa na motsi, ban sani ba ko addu'a yake ko ƙirga.

Ya ɗaga yatsan. Wurin ya bushe.

Ya sunkuya ya duba da kyau, ya hura, ya sake dubawa. Sannan ya saki wata ajiyar zuciya da na ji ta har cikin ƙashina.

"To," in ji shi. "Wagga dai jininta na jin magana."

Ya juya kanta a tafinsa, ya ci gaba da aski.